Gidan gado a Mabera: mu gyara kafin mu sayar, kuma nawa za mu yi masa kuɗi?

Tambaya: Assalamu alaikum Yallaɓai. Mahaifinmu ya rasu bara, ya bar mana gida a Mabera cikin garin Sakkwato, ginin bulo ne na shekarun 1990, ɗaki shida da zaure, a kan fili ƙafa 50 da 100. Mu tara ne magada, biyu ba su balaga ba, kuma akwai 'yan haya a ɗaki biyu. Wani dillali ya ce gidan zai kai miliyan 30, wani kuma ya ce ko 18 aka taya mu sallama. Yayanmu yana so a sa tayil da silin ado na POP a yi fenti kafin a kai shi kasuwa. Mu gyara ko mu bari? Kuma ta yaya ake gane ainihin kuɗin gida?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta, ya albarkaci abin da ya bari.

Malam, kada tazarar miliyan 12 da ke tsakanin dillalan nan ta ruɗe ka, domin babu wanda ya faɗa maka kuɗin gidanku a cikinsu. Na farko yana iya zama ya cika baki ne don ku damƙa masa gidan, in ya so bayan wata biyu ya dawo yana cewa kasuwa ta faɗi. Na biyu kuma wataƙila yana da mai saye a hannu, ko shi da kansa yake son ya saya ya juya. Ba na cewa maƙaryata ne, kowa dai da inda yake hange. Wanda ya kamata ka fahimci lissafinsa shi ne mai saye. Yakan zo ne da adadin da ya san irin wannan gida ya kai a unguwar, daga nan ya riƙa ragewa a kan duk abin da ya jefa masa kokwanto: takardar da ba ta cika ba, magajin da bai sa hannu ba, ɗan hayar da ba a san ranar tashinsa ba, tabon ruwa a silin. Shirya gida don sayarwa kawar da waɗannan kokwanto ne, kuma mafi tsadarsu ba a jikin bango suke ba.

Ku fara da kanku. Na sha ganin ciniki ya faɗa, an sha hannu an yi fatiha, kwana kaɗan sai wata ƙanwa da ke aure a Gusau ko Birnin Kebbi ta aiko cewa ita ba wanda ya tuntuɓe ta. Masu sayen gidaje a Sakkwato sun san wannan sarai, shi ya sa da sun ji an ce gidan gado ne sai su sassauta tayi. Kafin a yi maganar rabo, a biya bashin da ake bin mamaci, a zartar da wasiyyarsa in ya bari, matuƙar ba ta wuce sulusi ba. Sannan ku je kotun shari'a a fitar muku da takardar da ta lissafa magada da kason kowa. Da yake akwai yara biyu, wannan ba zaɓi ba ne: kason maraya ba a sayar da shi da fatar baki, sai da waliyyinsa ko wasiyyi, alƙali kuma ya gamsu cewa sayarwar maslaha ce gare shi. Daga nan ku wakilta mutum ɗaya ko biyu a rubuce, kowane baligi ya sa hannu, mata da maza. Idan mahaifiyarku ko abokiyar zamanta na zaune a gidan, a san inda za ta koma tun kafin baƙi su fara shigowa dubawa.

Ku kuma tambayi juna ko akwai mai son riƙe gidan. Idan akwai, a yi wa gidan ƙima, ya biya sauran kasonsu, kun huta da la'ada. A mazhabar Malikiyya wanda ya yi tarayya da kai a cikin kadarar da ba a raba ba yana da haƙƙin shufu'a, wato idan ɗayanku ya sayar da kasonsa ga bare, ɗan'uwansa na iya biyan kuɗin ya karɓe. Maƙwabci ba shi da wannan haƙƙi a wurin Malikawa, amma ku sanar da shi duk da haka. Ban da zumunci, maƙwabcin da ke son faɗaɗa gidansa sau da yawa shi ne mai tayi mafi tsoka, don gidanku kaɗai ne zai biya masa buƙata.

Sai takardu. Ku buɗe akwatin Baba ku ga me ke ciki. Tun da aka kafa Dokar Amfani da Ƙasa a 1978, ƙasar cikin birni tana hannun gwamna ne a matsayin amana, abin da mutum ke riƙe da shi izinin zama ne, wanda galibi ake bayarwa na shekara 99 a takardar shaidar mallaka da kowa ke kira C of O. Idan ita kuka tarar, kun yi sa'a, sai ku je Ma'aikatar Filaye a bincika fayil ɗin: ko an taɓa jinginar da gidan a banki, ko akwai bashin harajin ƙasa da ya taru. Ku yi wannan binciken da kanku kafin lauyan mai saye ya yi, domin abin da ya gano da kansa sai ya ninka shi a ragi. Amma unguwanni da yawa da gari ya faɗaɗa zuwa gare su daga baya gonaki ne aka yayyanka fuloti, abin da ke hannun mutane takardar ciniki ce mai sa hannun shaidu da mai unguwa, wani lokaci da hatimin uban ƙasa ko takardar ƙaramar hukuma. Ana saye da sayarwa da irinsu kullum. Bambancin shi ne masu zuwa tayi sukan ragu: wanda zai saya da rancen banki, ko yake son ya jinginar da gidan gaba, ba zai tsaya ba sai ya ga C of O. Idan irin wannan takarda ce da ku, ku haɗa silsilarta, daga wanda ya yanka gonar zuwa wanda Baba ya saya a hannunsa, ku nemo shaidun da ke raye. Ba na ba ku shawarar ku dakatar da sayarwa har sai kun fitar da sabuwar C of O, musamman da yake sunan mamaci ne a kai, sai dai in ba ku da gaggawa ko kaɗan.

Ku sa safiyo ya auna filin. Ƙafa 50 da 100 wajen murabba'in mita 465 ke nan, amma a tsofaffin layuka ba kasafai abin da ke takarda ke daidai da abin da ke ƙasa ba. Wani katangar maƙwabci ta shigo masa ƙafa biyu tun shekaru, wani kuma shi ne dakalinsa ya ci hanya. A leƙa hukumar tsara birane a tabbatar gidan bai hau hanyar da za a faɗaɗa ko magudanar ruwa ba. Bashin wuta na Kaduna Electric da na hukumar ruwa, a biya a ajiye rasit.

'Yan haya kuwa a gaya musu gaskiya da wuri. Mai biyan shekara-shekara, in ba ku rubuta wani abu dabam a yarjejeniya ba, wata shida ake ba shi na sanarwa, mai biyan wata-wata kuma wata ɗaya. Ɗan hayar da ya ji labari a bakin dillali, shi ne zai tari mai saye a zaure ya zayyana masa duk inda gidan ke yoyo.

Yanzu ga maganar yayanku. Ina ganin kyakkyawar niyya ce, amma ban goyi bayan tayil da POP ba. Ku tambayi kanku wa zai sayi gida mai ɗaki shida da zaure a Mabera. Ko dai magidanci mai iyali da yawa, wanda zai so ya gyara yadda shi da matansa suke so. Ko mai neman zuba 'yan haya, wanda ke lissafin abin da ɗaki zai kawo a shekara. Ko kuma wanda filin yake so, ya rushe ya tayar da nasa. Na ukun nan ko tayil ɗin zinariya kuka shimfiɗa, katafila ce za ta bi ta kai. Na farko kuma zai iya cewa launin bai yi masa ba. Ga kayan gini sun yi tsada: a farkon 2024 buhun siminti ya haura naira dubu 10 a sassan ƙasar nan, kuma kasancewar kamfanin siminti na nan Kalambaina bai sa ya zama araha gare mu ba. Kuɗin ado da wuya ya dawo cikakke a farashin sayarwa. Akwai kuma tambayar da ba a so a yi: aljihun wa za a taɓa? Idan yaya ne zai kashe nasa, zai so a cire masa kafin rabo, nan kuma wata rigimar take. Duk abin da za a kashe a rubuta shi, kowa ya amince tun kafin a sayi buhu ɗaya.

Gyaran da ke biyan kansa shi ne na ruwa, na sama da na ƙasa. Mai saye da ya san abin da yake yi, da ya shiga ɗaki sama yake fara kallo. Wannan zagayayyen tabo mai ruwan ƙasa a kusurwar silin, wanda ku kun saba da shi har ba ku ganinsa, shi a wurinsa sabon rufi ne gaba ɗaya, zai kuma cire kuɗin rufin daga tayinsa, alhali wataƙila kwano biyu ne da ƙusoshi suka saki. A hau da kafinta a duba, a canza kwanon da ya ruɓe, a taɓa katakon rufin a ji ko gara ta cinye shi, sannan a canza allon silin da ya ɓaci. Daga nan mai saye zai sunkuya ya shafa gindin bango. Idan filasta tana marmashewa, fenti ya kumbura, ga wani farin gishiri-gishiri ya fito kamu ɗaya ko biyu daga ƙasa, ya san danshi na hawa. A nemo sanadin: ko kwatar tsakar gida ce ta toshe, ko famfo ke zuba a cikin bango, ko kuwa titi ne ya fi gidan tudu ruwa ke kwantawa a jikinsa. A kwashe masai da sokawe in sun cika, a gyara murfinsu. Wari kaɗai ya isa ya kori mai kuɗi daga ƙofa.

Tsagewar bango iri biyu ce. Akwai siririya kamar gashi da ke kan filasta kawai, wannan a cike a wuce. Akwai kuma wadda ta tashi daga kusurwar taga ko ƙofa ta yi karkace zuwa sama ko ƙasa, har bakin mabuɗi na shiga. Wannan daga tushe take, injiniya ake kira mata. Ita ce kuma ake yawan shafe wa siminti a bi da fenti ana gobe za a kawo mai saye. Kada ku yi haka. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya ce wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu, kuma a fiƙihu wanda aka ɓoye wa aibi yana da damar mayar da abin da ya saya. Abin da ba za ku iya gyarawa ba ku nuna shi, a rubuta shi a takardar ciniki cewa mai saye ya gani ya yarda. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, ba zai dawo ya kai ku ƙara ba.

Mabera faɗi gare ta, kuma kowa a garin nan ya san akwai layukan da ruwa ke kwantawa a cikinsu a watan Agusta. Idan naku ba ya cikinsu, damina ce lokacin nuna shi. Ku gayyaci mai saye washegarin ruwa mai ƙarfi ya gani da idonsa. Idan kuma layinku yana cikinsu, mai saye zai tambayi mai shagon bakin layi ya ji, don haka ku riga shi faɗa, ku nuna masa abin da aka yi na magudana da cikon ƙofar gida.

Sauran aikin na tsintsiya ne da ɗan fenti. A fitar da tarkacen shekaru, a ɗauke turken tumaki da akurkin kaji, a gyara ƙyauren da ke ja da ƙasa, a sa ƙwan fitila a kowane ɗaki, a shafa fenti mai haske launi ɗaya bayan an magance danshi. Idan akwai dogon yaro a tsakar gida ko ƙofa, a yi masa sassabe kawai, kada a sare. Wanda ya shigo duba gida da azahar a watan Afrilu, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, ya san darajar inuwa ba sai an gaya masa ba.

To, kuɗin fa? Mu masu aikin ƙima hanya uku muke bi, sai mu ga inda suka haɗu. Mafi ƙarfinsu ita ce kwatance da gidajen da aka riga aka sayar. Ka lura, waɗanda aka sayar na ce, kuɗi ya shiga hannu. Abin da ake rubutawa a Facebook da WhatsApp buri ne na mai gida da ƙarin dillali. Ku nemi gida uku ko huɗu masu kama da naku a layukan da ke kewaye da ku, da aka sayar cikin wata shida zuwa shekara. Mai unguwa ya sani, don a gabansa ake sa hannu. Magina sun sani, lauyoyi ma haka, wanda ya saya kuma in ka je masa da ladabi sau da yawa zai gaya maka. Kada a kawo muku misali da Gawon Nama ko Sama Road, ko sabon gini a Arkilla, kasuwarsu dabam ce. Ko a cikin Mabera ɗin, gidan da ke bakin kwalta, wanda za a iya fasa zaurensa a yi shago, ba ɗaya yake da na cikin lungun da mota ba ta shiga ba. Sai a duba kusurwa ce ko tsakiya, akwai rijiyar burtsatse ko ruwan 'yan garuwa ake saye, tiransifomar layin tana aiki ko ta shekara a lalace. Cinikin da ya wuce shekara biyu kuma a yi hattara da shi, domin tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 darajar naira ta canza ƙwarai.

Hanya ta biyu ita ce a raba fili da gini. Bari in ba ka misali da lambobin da na ƙirƙira don lissafi kawai. A ce fili irin naku babu gini a layinku miliyan 10 ne, tayar da sabon gini irin naku yau kuma miliyan 24. Ginin da ya haura shekara 25, ga wayarin na da, ga rufi ya tsufa, a ce rabin darajarsa ta tafi, saura 12. Jimla 22 ke nan. Wannan hanya tana daɗaɗa wa mai gida rai, don tsadar siminti na ɗaga ta, amma tsadar siminti ba ta ƙara wa mai saye kuɗi a aljihu. Hanya ta uku ta haya ce. Idan ɗaki shida za su kawo dubu 600 a shekara, wanda ya biya miliyan 30 sai ya shekara 50 kafin kuɗinsa su dawo, ban da gyara da watannin da ɗaki zai zauna babu kowa. Shi ya sa mai neman zuba 'yan haya kullum tayinsa ke ƙasa. Abin da Baba ya kashe lokacin gini, da abin da kowannenku ke buƙatar yi da kasonsa, babu ɗaya da ke shiga wannan lissafi, ko da yake na san su ne ke cika baki a taron iyali.

Da yake akwai marayu, ku ɗauki ƙwararren mai ƙima da ke da rajista da ESVARBON, hukumar da aka kafa a 1975 don kula da wannan sana'a, ya rubuta muku rahoto. Za a ce sana'ata nake tallatawa, to ku je wurin wani ba ni ba. Amfaninsa shi ne ranar da yaran nan suka girma suka tambayi dalilin da aka sayar da gidan ubansu a kan kaza, akwai takardar da za a nuna musu.

Bayan nan ku tsayar da adadi biyu: wanda za a faɗa wa kasuwa, da wanda ba za ku sauka ƙasa da shi ba. Na biyun ya tsaya tsakaninku, ko dillali kada ya ji. Na farkon a bar wurin ragi a cikinsa, don ba mai sayen gida bai taya ba, amma kada a yi nisa. Gidan da aka ɗora wa kuɗin da ya wuce hankali yakan yi kwantai, bayan wata shida mutane su fara tambaya, "Wai mi ad damuwar gidan ga da har yanzu ba a saye ba?" Daga nan sai ku sayar ƙasa da abin da za ku samu da farko. Idan mutum uku da ba su san juna ba suka taya kusan adadi ɗaya, kasuwa ce ta yi magana, ku saurare ta. Kada kuma a bari ya fita cewa kuna sauri saboda biki ko kujerar Makka ko asibiti.

Dillali ɗaya ko biyu sun isa, waɗanda mai unguwa ya sani. In kuka ba mutum goma, gidan zai yi ta yawo a waya da farashi biyar, kowa ya ɗora nasa. A yanke la'ada a rubuce tun farko; kashi biyar cikin ɗari aka fi ji, amma abin daidaitawa ne, a kuma fayyace wa zai biya. Tsarin nan na "ku faɗi naku, abin da ya hau nawa ne" ku ƙi shi, don yana sa dillali ya hana ku ganin mai saye. Wakilinku ya zauna da mai saye ido da ido, ya ji adadin daga bakinsa. Kada kuma ku yarda a kawo 'yan tayin ƙarya don a zuga farashi, najashi ke nan, shari'a ta hana.

In ciniki ya faɗa, a rubuta kafin alƙalami da ranar cikawa. Sharaɗin cewa in mai saye ya fasa kuɗinsa sun zama naku, Imam Malik ya kawo hani a kansa a Muwaɗɗa, don haka a rubuta cewa za a mayar masa. Biya ya bi ta banki. Dokar hana halatta kuɗin haram ta 2022 ta hana mutum karɓa ko biyan tsabar kuɗi sama da naira miliyan biyar ba ta hanyar banki ba. Saƙon waya ba shaida ba ne, a duba asusu a ga kuɗin sun zauna. Biya kashi-kashi na tsawon watanni ku guje masa in da hali, domin a 2024 hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin ɗari, wanda ya jira shekara ya karɓi ragowar kuɗinsa ya yi asara ko da an cika masa. Lauya ya rubuta takardar mayar da mallaka, kuma in gidan mai C of O ne sai an nemi amincewar gwamna kamar yadda sashe na 22 na dokar 1978 ya tanada, a faɗi a takarda wanda zai ɗauki kuɗin hakan. Mabuɗi da takardun asali ba sa barin hannunku sai kuɗi sun cika. Wajen rabo kuma a tura wa kowane magaji kasonsa a asusunsa kai tsaye, musamman 'yan'uwanku mata, na yaran biyu kuma a ajiye shi yadda alƙali ya umarta, a karɓi rasit.